Yadda za ku ci moriyar masanin halayya a rabuwar aure ta haɗin gwiwa

Idan aure ya kai inda babu gyara, kuma kuna zaune a ƙasa irin Amurka ko Kanada ko Ingila ko Ostireliya inda kotu ce ke warware aure a doka, toh ba dole bane sai kun tsaya gaban alƙali kun yi ta tonon silili kafin a raba ku. Akwai tsarin da ake kira rabuwar haɗin gwiwa, miji da lauyansa, mata da nata, amma maimakon a ja daga sai a zauna teburi ɗaya a sasanta maganar gida da kuɗi da yara, in an gama a rubuta a kai kotu ta amince shikenan. Wani lauya ne mai suna Stuart Webb ya fara shi a birnin Minneapolis na jihar Minisota a 1990, bayan ya gaji da ganin yadda shari'ar saki ke ragargaza iyalai, kuma sharaɗin da ya kafa shine har yau ke riƙe da tsarin: kowa zai sa hannu cewa in aka kasa daidaitawa har wani ya garzaya kotu, lauyoyin nan biyu duk sun fita, babu wanda zai bi ku can, sai dai kowa ya nemi sabo.

Nan da nan aka gane lauyoyi kaɗai ba za su iya ba. A farkon shekarun 1990 ɗin nan, a yankin San Francisco na Kalifoniya, wasu masana halayyar ɗan'adam, Peggy Thompson da Rodney Nurse, tare da Nancy Ross ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, suna ta gwada nasu tsarin na taimakon masu rabuwa, daga baya suka haɗu da lauyoyi irin su Pauline Tesler, daga nan ne aka samu tawagar da ake gani yau: lauyoyi biyu, masanin halayya ɗaya ko fiye, sai masanin kuɗi wanda baya ɓangaren kowa. Jihar Tekzas ta sa tsarin a dokarta a 2001, ya shiga Ingila a 2003, a 2009 kuma hukumar da ke daidaita dokokin jihohin Amurka ta fitar da samfurin doka a kansa wanda jihohi da dama suka ɗauka.

Toh a cikin wannan tawaga, wanda mutane suka fi saurin cewa a cire dan a rage kashe kuɗi shine masanin halayya, kuma ni a ganina shine na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Dalili kuwa, yawancin rigimar da ake yi a teburin nan da sunan gida ko mota ko kwanakin yara, in ka tona za ka tarar ba gidan bane ba motar bace, ciwon zuciya ne da ya rasa inda zai fita sai ya bi ta kan dukiya da 'ya'ya. Lauya bai koyi maganin wannan ba, kuma ba laifinsa bane.

Ku fara sanin aikin da aka ɗauko shi yi

Wannan ne mataki na farko kuma nan ake yawan ruɗewa. Masanin halayya a wannan tsarin aiki iri biyu yake yi, ko dai koci, wato mai taya ku shirya zuciya da magana dan zaman sasantawa, ko ƙwararren yara, kuma mutum ɗaya baya haɗa su yadda ya ga dama, a rubuce ake fayyace wanne ne nasa tun a takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu.

Kocin ma salo biyu ne. A wasu wuraren, musamman inda aka bi salon Kalifoniya, kowa yana da nasa, miji da koci mata da koci, su kocin biyu suna magana da juna. A wasu wuraren kamar Tekzas an fi amfani da koci ɗaya tak wanda ke tsakiya, baya ɓangaren kowa, kuma sau da yawa shi ke jan ragamar mitin. Guda ɗaya ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin haɗa lokaci, kuma in har kuna iya zama ɗaki ɗaya kuyi magana ko da ran kowa a ɓace, ya isa. Amma in ɗayanku ya saba yin shiru a gaban ɗayan, ko an yi cin amana har yarda ta ƙare ƙarƙaf, ko ɗaya na ganin duk wanda ya saurari abokin zamansa ya zama maƙiyinsa, gara kowa ya samu nasa, dan mutum na buƙatar wani wanda ya san nashi ne, wanda zai iya ce masa wannan maganar da kake shirin faɗa za ta rusa maka abinda kake nema, ya ji ba tare da ya zargi an haɗa baki ba.

Abu ɗaya da nakeso ya zauna muku: koci ba mai yi muku jinyar zuciya bane. Ilimin ɗaya ne amma aikin daban. Mai jinya zai bi ka baya har ƙuruciya, ya ɗauki watanni ko shekaru, shi kuwa koci idonsa na kan mitin na gaba da yadda za ka fita daga auren nan da tsarin da zai yi aiki. Kuma ba ya zo ya mayar da aure bane, ba kuma alƙali bane da zai ce wane ke da gaskiya. In kina da wanda kike gani dama saboda damuwa ko baƙin ciki, ki cigaba da ganinsa, amma kar ki ce shi zai zama kocinki, ƙa'idar aikin ma bata yarda mutum ya haɗa biyun ba.

Zaɓe

Yawanci lauyoyin ne za su baku sunaye, dan a kowane yanki akwai ƙungiyar masu wannan aiki da suka saba da juna, akwai kuma babbar ƙungiyarsu ta duniya, IACP, mai jerin sunayen mambobi a intanet. Kar ku karɓi suna kawai dan lauya ya bayar. Ku nemi ɗan gajeren zama ko waya, ku tambaya: kana da lasisin aiki a wannan jiha ko lardi? Ka yi horo na musamman kan tsarin haɗin gwiwa da sasanci ko dai ilimin jinya kawai gare ka? Ka taɓa aiki da waɗannan lauyoyin? Nawa kake karɓa a awa, kuma waya da imel da tattaunawarku ta tawaga suna cikin lissafi? Me zan faɗa maka da zai tsaya tsakaninmu, me kuma dole ka kai teburi? Ba lallai sai mai digirin dakta ba, akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da masu ba iyali shawara da ke da lasisi kuma sun iya aikin sosai. In addini ko yare ko dangin da ke wata ƙasa na da nauyi a rayuwarku, ku faɗa tun a nan ku ga yadda zai karɓi maganar, wanda ya saurara ya yi tambaya ya fi wanda ya nuna ya riga ya san komai.

Kuma a ɗauke shi tun farko, kafin mitin na farko da lauyoyi. Kiran koci bayan an yi baran-baran a zama na uku yana yiwuwa, amma a lokacin an riga an faɗi maganganun da ba a iya janyewa.

Zaman farko, kai kaɗai da shi

Ko koci ɗaya ne a tsakiya, zai gana da kowa shi kaɗai. Zai tambayi tarihin auren, yadda kuke faɗa, wa ke yanke shawara kan kuɗi, ko akwai shaye-shaye, ko akwai ciwon damuwa, ko wani ya taɓa tunanin kashe kansa, sannan zai yi tambayar da ta fi kowacce nauyi, ko kana tsoron abokin zamanka. Dan Allah a nan kar a rufe. Tsarin haɗin gwiwa ya ginu ne kan cewa kowa zai iya cewa a'a ba tare da fargabar abinda zai same shi in an koma gida ba, in akwai duka ko barazana ko an ƙwace miki katin banki ana bin diddigin wayarki an raba ki da mutane, toh zama teburi ɗaya na iya zama hanyar da za a ƙara danne ki da sa hannunki. Samfurin dokar 2009 ɗin nan ma ya wajabta wa lauya ya bincika ko akwai tarihin tilastawa ko cin zarafi kafin ya shigar da mutum. Wani lokacin za a iya cigaba da matakan kariya, kamar zama a ɗakuna daban ko shiga da fita a lokuta daban, wani lokacin kuma gaskiyar ita ce kotu da umarnin kariya su suka dace, kuma masanin kirki zai faɗa miki haka ko da hakan na nufin ya rasa aikin.

Sai abu na biyu da zai auna, wanda ni nake ganin shine rabin aikin gaba ɗaya: a ina kowannenku yake a tafiyar. Da wuya ka ga mutum biyu sun yanke shawarar rabuwa rana ɗaya. Kusan kullum akwai wanda ya daɗe yana juya maganar a ransa, ya yi kukansa a ɓoye, ya yi lissafin inda zai zauna, har ya fara hango rayuwa ta gaba, sai ya furta. Shi kuma ɗayan ranar da aka furta ɗin nan ce ranarsa ta farko. Sai kaga na farko yana ta matsa lamba a gama a wuce, yana ganin ɗayan na jan ƙafa da gangan dan ya azabtar da shi, na biyun kuma yana ganin wannan wane irin rashin imani ne, ni ko bacci ban iya yi kai kana maganar wa zai ɗauki firji. Duk cikinsu babu mai ƙarya. Tun a 1967 likitoci biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwan da suka fi girgiza rayuwar mutum, mutuwar miji ko mata ce ta farko da maki 100, mutuwar aure ke bi mata da 73, kaga kuwa wanda ke tsakiyar wannan ba za ka miƙa masa takardar rabon fansho ka ce ya yanke shawarar shekara ashirin masu zuwa cikin awa biyu ba.

Abinda koci ke yi a nan shine daidaita gudu. In kai ne mai gaggawa, zai ce ka sassauta, ka yarda, dan yarjejeniyar da aka sa wa hannu cikin ruɗani ita ce ake dawowa a warware bayan shekara. In ke ce aka bari a baya, ba zai ce ki daina jin zafi ba, amma zai taimaka miki ki ware lokacin kuka da lokacin lissafi, ya kuma tabbatar ba a kawo manyan batutuwa teburi ba sai kin iya tsayawa da ƙafarki. Ki faɗa masa a fili: ban shirya maganar sayar da gida ba tukuna. Wannan bayani ne da tawaga ke buƙata, ba rauni bane.

Kafin mitin, cikin mitin, bayan mitin

Kar ka shiga mitin ɗin tawaga ba tare da ka zauna da koci ba ko na rabin awa ne. Ku duba ajanda tare, ka nuna masa inda kake jin zuciyarka za ta hau, ka gaya masa kalmomin da in aka faɗa maka kake fita hayyacinka, dan duk ma'aurata sun san inda za su taɓa juna ya yi zafi. Sannan ku yi aikin da ya fi wuya, wato raba abinda kake cewa kana so da dalilin da ya sa kake son sa. Misali mace ta dage sai ta riƙe gidan ko ta halin ƙaƙa, alhali albashinta bazai iya biyan bashin bankin da ke kansa ba. In koci ya bi a hankali sai a tarar abinda take tsoro shine a canza wa yara makaranta a shekarar da komai nasu ke rushewa. Toh wannan ana iya magance shi ta hanyoyi da yawa, a jinkirta sayarwa har ƙarshen zangon karatu, ko a kama haya a unguwar, ko masanin kuɗi ya duba ko akwai yadda za a sake tsarin bashin. In da an tsaya kan gida ko ba gida, sai a yi wata uku ana kai ruwa rana. Haka namiji da ya kafe sai an raba kwanakin yara rabi da rabi cif, sau da yawa tsoronsa kar ya koma baƙo a rayuwar 'ya'yansa, wanda ake kai wa ziyara kawai.

Ku gwada maganar da baki kafin ranar. Maimakon "kai dama baka taɓa damuwa da yaran nan ba", a koya a ce "Baban yara, ina fargabar ranakun da kake dawowa dare, wa zai ɗauko su daga makaranta?" Maimakon "ke kuɗi kawai kika sani", a ce "Maman yara, in na biya wannan adadin ban ga yadda zan kama gidan da zai ɗauke su ba, mu duba lissafin tare." Na farko zargi ne, amsarsa zargi, na biyu tambaya ce da ke da amsa. Kar ka ji kunyar maimaitawa sau biyar a gaban koci, a ɗakin mitin in zuciya ta hau abinda baki ya saba shi ke fitowa.

A cikin mitin, koci na kallon abinda lauyoyi basa kallo saboda idonsu na kan takarda: wa ya yi shiru, wa numfashinsa ya canza, wa ke cewa toh toh dan kawai a tashi. In ya ce a ɗan huta minti goma, a huta, ba ɓata lokaci bane, mutum in ransa ya ɓaci sosai jikinsa na shiga yanayin kare kai, baya iya sauraro balle lissafi, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya sauko. Ku ma ku shirya wata alama da shi wadda in kun yi zai gane kuna buƙatar fita. Kuma kar ku yi mamaki in kun ga yana taka wa lauya birki, su ma mutane ne, wanda ya shekara da shekaru yana fafatawa a kotu wani lokacin tsohon hali na motsawa.

Bayan an tashi, kar a kira juna a mota a cigaba daga inda aka tsaya. Ka rubuta abinda ya tsaya maka a rai ka kai wa koci. Saƙonnin waya tsakaninku kuwa a taƙaita su kan yara da abinda ya zama dole, gajeru, ba tsokana, in ka rubuta da zafi ka bari ya kwana kafin ka tura. Wasu na komawa manhajojin da aka yi dan iyayen da suka rabu irin OurFamilyWizard, mai kalanda da wurin saƙo da lissafin kashe-kashen yara, dan komai ya zauna wuri ɗaya.

Yara

Nan ne zan fi daɗewa dan nan ne kuskure ya fi tsada. Binciken da Mavis Hetherington ta shafe kusan shekara talatin tana yi a Amurka ya nuna kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu suna tasowa lafiya lau, amma kashi 20 zuwa 25 na fuskantar matsala mai tsanani, idan aka kwatanta da kusan kashi 10 a gidajen da ba a rabu ba. Kuma abinda masu bincike suka yi ta samu akai-akai shine babban abinda ke cutar da yaro ba rabuwar kanta kaɗai bace, rigimar iyaye ce da ta ƙi ƙarewa, musamman in an saka shi a tsakiya. Wannan kuwa abu ne da ke hannunku.

Ƙwararren yara baya ɓangaren uwa baya ɓangaren uba. Zai fara zama da ku ya ji yadda kowane yaro yake, sannan ya gana da yaran, ƙanana ta hanyar wasa da zane, manya ta hira, sau ɗaya ko biyu ko abinda ya ga ya dace, daga nan ya dawo ya zauna da ku biyun da koci ya faɗa muku abinda ya gani. Baya rubuta rahoto ga kotu, baya cewa a ba wane yara, wannan aikin mai tantancewa ne da alƙali ke naɗawa a shari'a, daban ne sam. Kuma baya tambayar yaro wa kake so ka zauna da shi, dan wannan tambayar nauyi ce da bai kamata a ɗora wa yaro ba, duk amsar da ya bayar zai ji ya ci amanar ɗaya. Ana jin ra'ayinsa, kamar yadda sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya tanada, amma hukunci na iyaye ne.

Abinda ya rage naku: kar ku shirya yaro. Kar a ce in ka je ka gaya masa Baba na yin fushi, ko ki ce kin fi son gidan Mama. Waɗannan mutanen sun saba, suna gane maganar babba a bakin yaro, kuma kun jefa yaron cikin damuwa a banza. Ku ce masa kawai akwai wani da aikinsa taimakon iyalai ne, yanaso ya ji yadda kake, ka faɗi abinda kake so ka bar abinda baka so. Bayan ya fito kar a tsare shi da tambaya. Shi ƙwararren zai tambayi yaron me ya yarda a gaya wa iyayensa, sai dai in abu ne na haɗari.

Ranar da zai kawo muku bayani ku shirya zuciya, dan ranar tana da nauyi. Za ka iya jin cewa ɗanka ya san duk abinda kuke zaton kun ɓoye, yana jin ku ta bango, ko 'yarki ta daina faɗin ta ji daɗi a gidan babanta dan ta lura fuskarki na canzawa, ko ƙaramin yana ganin shi ya jawo dan ranar da kuka yi babban faɗa shi ya fasa wani abu. Kar ka fara kare kanka, kar ki juya ki ce ka ji ko. Ku saurara har ƙarshe, ku tambaya me za mu canza a wannan satin. Iyaye da yawa a wannan zaman ne suke sauke makamai, dan abinda lauya ya kasa fahimtar da su a wata biyu, maganar ɗansu ta yi shi.

In baku gaya wa yaran ba tukuna, ku tsara yadda za ku faɗa tare da koci. Ku biyun a zaune, magana ɗaya, ba dogon bayani ba, ba a ɗora laifi kan kowa, a faɗa musu ba su suka jawo ba kuma ba za su iya gyarawa ba, a gaya musu abinda zai canza da abinda bazai canza ba, wane gida, wace makaranta, yaushe za su ga kowa. Kar a yi alkawarin da ba a tabbatar ba.

Daga nan sai rubuta tsarin renon yara, wanda yawanci da koci ake zama a yi shi kafin lauyoyi su mayar da shi yaren doka. Ƙananan yara basa jure daɗewa basu ga ɗaya daga iyayensu ba, shi yasa ake yawan basu tsarin kwana 2 nan, 2 can, 3 nan, sati mai zuwa a juya, ko kwana 2 nan, 2 can, 5 nan, 5 can. Yaran da suka ɗan girma sun fi jurewa sati guda nan sati guda can, matasa kuma dole a bar musu sarari dan suna da tasu rayuwar. Babu wanda ya fi wani a takarda, nisan gidajen da lokacin aikinku da halin yaron su za su nuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kar ku tsaya kan kwanaki kawai, ku shiga ƙananan abubuwan da ke haddasa faɗa daga baya: ina ake miƙa yara kuma wa ke kaiwa, hutun makaranta da ranakun bukukuwa, wa ke riƙe fasfo da yadda ake neman izinin fita ƙasar waje, asibiti, tarbiyyar addini, shekarun da za a ba yaro waya, in ɗaya zai yi tafiya ko ɗayan ne ke da haƙƙin farko na riƙe su kafin a kira mai reno, in wani ya samu sabon abokin rayuwa yaushe kuma ta yaya za a gabatar da shi, in ɗaya zai ƙaura gari fa. Na san wasu za su ce wannan ai ya yi yawa, mu masu fahimtar juna ne. Ku rubuta duk da haka, yau da kuke da mai shiga tsakani ya fi sauƙi akan ranar da babu kowa. Kuma doka ɗaya da bana so a sassauta: yaro ba ɗan aike bane, kar a bashi saƙon kuɗi ko na ƙorafi ya kai ɗaya gidan.

Sirri da kuɗi

Tsarin ya wajabta kowa ya bayyana duk abinda ya shafi sasantawar, dan haka in ka gaya wa koci kana da wani asusu a ɓoye bazai taya ka rufewa ba, zai ce ka fito da shi, in ka ƙi yana iya janyewa daga aikin. Tawaga na musayar bayani a tsakaninsu da izinin da kuka sa wa hannu, ka karanta wannan takardar da kyau. Abinda aka tattauna a tsarin galibi ba a kai shi kotu a matsayin hujja, amma ƙarfin wannan kariya ya danganta da dokar inda kuke, lauyanka ne zai fayyace maka. In kuma aka ji ana cutar da yaro, ko wani na shirin cutar da kansa ko wani, masanin na da wajibin kai rahoto, babu sirri a nan.

Maganar kuɗi, awar koci yawanci bata kai ta lauya tsada ba, kuma a mitin lauyoyi biyu ake biya a lokaci guda, kaga duk awar da aka ɓata ana cacar baki kan abinda ya faru shekara biyar baya ninki biyu ce. Kai wa lauya tambayar doka, kai wa koci ɓacin rai da maganar yara, kai wa masanin kuɗi lissafi. Inshorar lafiya galibi bata biyan aikin koci tunda ba jinya bace, ku tambaya kafin ku sa rai, ku kuma amince tun farko daga wane asusu za a biya.

In abu ya cije

Zai cije, kusan kowa na kaiwa wani wuri da zai ji gara kawai a je kotu. Kafin ka furta haka a mitin, ka nemi zama da koci ku duba ko batun ne da gaske ya gagara ko wani abu ne ya taso, ranar cikar auren ta zagayo, ko ka ji labarin ta fara ganin wani, ko an kai matakin sa hannu sai gaskiyar cewa auren ya ƙare ta sauko maka. Wani lokacin abinda ya toshe hanya kalma ɗaya ce ta ban haƙuri da ba a taɓa faɗa ba, koci na iya shirya zama na musamman ba lauyoyi dan a faɗe ta yadda ya kamata, ba tare da ta koma hujjar neman ƙarin kaso ba. Ana kuma iya ajiye batun mai wuya a gama masu sauƙi, ko a gwada wani tsari na wata uku a gani, ko a gayyato mai sasanci na waje kan wannan batu ɗaya.

In duk an yi bai yiwu ba, ku sani tawagar duka ke watsewa, lauyoyi sun fita, kuma a yawancin yarjejeniyoyi ba a kiran koci ko ƙwararren yara ya ba da shaida, kenan za ka fara da sabon lauya da sabon kashe kuɗi. Ka nemi lauyanka ya lissafa maka wannan tun kafin ka shiga, ba ranar da rai ya ɓaci ba.

In kuma an kammala, kar ku sallami masanin gaba ɗaya. Ku sa a cikin yarjejeniyar cewa za a dawo a duba tsarin yaran bayan wata shida ko shekara, da duk lokacin da wani babban canji ya zo, kamar shiga sakandare ko sabon aure ko canjin wurin aiki, kuma in saɓani ya taso za a fara komawa wurinsa kafin kowa ya shigar da ƙara. Ku tambaye shi tun yanzu ko yana karɓar irin wannan zama na bayan rabuwa da yadda ake biyansa, in baya yi ya baku sunan wanda ke yi, a rubuta sunan a cikin takardar.